Ciki Ya Cika, Jiki Na Jin Yunwa

Jawabin da wata mambarmu mai sayar da hatsi da kayan miya ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba da 'yan kwamitinta, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayena, yayyena da ƙannena mambobi, da iyayen gidanmu maza da suka daure suka bar harkokinsu suka zo, ina yi wa kowa barka da zuwa. Barkanmu da ganin wannan rana, Allah ya maimaita mana.

An ce in yi magana a kan abinci da aikin da yake yi a jikin ɗan Adam. To, kun dai san ni, ni ba likita ba ce, ba kuma malamar asibiti ba. Sana'ata awon hatsi: gero, dawa, wake, gyaɗa, da ɗan kayan miya a gefe. Abin da zan faɗa, wani a ajinmu na manya muka karanta shi, wani daga bakin ma'aikatan lafiya muka ji, wani kuma mudu da kwano ne suka koya mini. In magana ta kai ga ciwo, asibiti ne wurin zuwa. Nawa bai wuce abin da ke shiga tukunya ba.

Maganar tawa guda ɗaya ce, ina so kowacce ta tafi da ita gida: ciki yana iya cika, jiki kuma yana jin yunwa. Yaro ya ci ɗumame da safe, da rana ya sha gari da suga, da dare ya ci tuwo da miyar da ba ta da komai sai gishiri da dunƙule. Uwa ta dubi cikinsa ta ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Amma yaron nan shekararsa huɗu, kamar ɗan shekara biyu. Yau zazzaɓi, gobe gudawa, in ya ji ciwo ba ya warkewa da wuri. Wannan yunwar ba ta kuka, shi ya sa ba a jin ta.

Kada ku ce baki ne kawai. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a faɗin Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 37 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A nan arewa maso yamma kuwa 57 ne, sun haura rabi. Mata masu shekarun haihuwa, 58 cikin 100 jininsu bai kai yadda ake so ba. Abin mamakin, ai mu ne masu noman. Duk duniya babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake, kuma daga arewa akasarinsa yake fitowa. Ku duba manyan motocin da ke lodi a kasuwar Dawanau ta Kano kawai. Abincin yana bi ta hannunmu, ya wuce. Talauci da tsadar kaya suna da nasu laifin, babba ma, ba wanda zai musa. Amma akwai rabon da sani yake iya gyarawa, kuma a kansa zan tsaya.

Kowacce a nan ta san murhu duwatsu uku ne. Ki cire ɗaya, tukunya ta kife. To haka abinci yake. Akwai mai ba da ƙarfi, akwai mai gina jiki, akwai mai kare jiki daga cuta. Ruwa kuma shi ne abin da ke cikin tukunyar, in babu shi ba a dafa komai. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Dutse na farko, masu ba da ƙarfi. Su ne gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, rogo, doya, dankali da makani. Abin da ya fi yawa a cikinsu sitaci ne. In muka ci, ciki da hanji su narkar da shi ya koma wani irin suga, jini ya kwashe shi ya kai ko'ina. Da shi zuciya take bugawa, da shi muke daka da surfe da ɗaukar kaya, da shi ƙwaƙwalwa take lissafin canji. Shi ne itacen da ke ƙarƙashin tukunya. Shi ya sa yaron da ya tafi makaranta bai karya ba ba ya gane karatu. Hausawa sun riga sun faɗa, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A wannan rukunin akwai maiƙo: man gyaɗa, manja, man shanu, man riɗi, da kitsen nama. Masana sun auna, giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori 4, wato ma'aunin ƙarfin abinci ke nan, giram ɗaya na mai kuwa kalori 9 yake bayarwa, ya ninka har da ɗoriya. Ga amfanin sanin wannan. Cikin jariri ɗan wata bakwai ko takwas ɗan mitsitsi ne. In kika cika shi da koko tsararo, ruwa kika ɗura masa. Amma in kunun ya yi kauri har yana tsayawa a cokali, kika zuba ɗan ƙaramin cokali na mai ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ɗan abin da ya sha zai riƙe shi. Bayan haka, akwai bitamin da jiki ba ya iya tsotsewa sai da mai, irin su bitamin A da D. Kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan mai ya fi zogale zalla amfani. Mu manya kuma da muke wuni a zaune a rumfa, mai da soye-soye sai da lissafi, don abin da jiki bai ƙona ba ajiye shi yake yi ya zama teɓa.

Dutse na biyu, masu gina jiki. Sinadarinsu shi ake kira furotin. Da shi ake gina tsoka, fata, gashi, jini, da sojojin jiki masu yaƙar cuta. Yaro mai girma, mai ciki, mai shayarwa, da wanda ya tashi daga jinya, su suka fi bukatarsa. Da an ce furotin sai hankali ya tafi kan nama, kifi, kaza, ƙwai da nono, sai mace ta ce, yo ina na ga kuɗin nama? Gaskiya ne waɗannan su ne kan gaba. Amma ku saurara. Busasshen wake, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne. Gyaɗa ma haka. Waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ga gurjiya, ga riɗi, ga daddawa, ga agushi, ga fara in lokacinta ya yi. Gero da dawa su ma suna da nasu, sai dai bai kai rabin na wake ba.

Akwai wani sirri a nan da ya burge ni ranar da muka karanta shi. Shi furotin kamar gini ne da tubali iri 20. Jiki yana iya buga wasu da kansa, amma guda 9 dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin wani tubalin da wake yake da shi da yawa, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi yake da shi. In suka haɗu sai su cike wa juna. Kun ga ashe kakanninmu ba da ka suka yi ba: shinkafa da wake, koko da ƙosai, ɗanwake, kunun gyaɗa, fura da nono, tuwo da miyar gyaɗa ko miyar wake, dambu da zogale da gyaɗa. Garau-garau ɗin da ake rainawa a ce abincin talaka, wallahi ya fi farar shinkafa da miyar da ba nama. Awara da alale ma kada a bar su a matsayin abin sayarwa kawai, a ajiye wa yaran gida rabonsu.

In furotin da sauran abinci suka yi wa yaro ƙaranci sosai, sai tamowa ta shigo. Wani ya rame ya zama ƙashi da fata, fuska kamar ta tsoho. Wani kuma ya kumbura, ƙafa da fuska su yi suntum, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa. Wannan na biyun likitoci suna ce masa kwashoko. Sunan daga harshen Ga na ƙasar Ghana ya fito, wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da shi littattafan likitanci a shekarun 1930, kuma ma'anarsa ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙane aka ture shi daga nono. Kun ji fa, abin da muke gani ne a gidajenmu in an yi kwanika ko an yaye yaro farat ɗaya aka bar shi da koko. Kumburin nan ba ƙiba ba ne. Ki danna bayan ƙafarsa da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, a ranar za a kai shi asibiti.

Sai maganar ƙwai. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa in an ba yaro ƙwai zai yi sata, in mai ciki ta ci za ta haifi ɗa marar gashi ko ya yi girman da zai ba ta wuya. Iyayena, ku yi mini afuwa, wannan magana ba ta da tushe. Ƙwai ɗaya yana ɗauke da furotin mai kyau, da bitamin A, da bitamin B12 wanda ba a samunsa sai a abin da ya fito daga dabba. Tun daga wata shida ana iya dafa shi ya dahu sosai a murmusa wa yaro.

Dutse na uku, masu kare jiki: bitamin da ma'adinai. Jiki kaɗan yake bukata, kamar gishiri a miya, amma in babu su komai ya lalace. Zan ɗauki waɗanda rashinsu ya fi damun mu.

Na farko sinadarin ƙarfe, wanda a asibiti suke ce wa ayon. Shi ne ke cikin abin da ya sa jini ya yi ja, kuma shi ke ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu ya kai wa sauran jiki. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, kullum jiki yana ƙera sababbi. Mu mata muna zubar da jini duk wata, mu zubar wurin haihuwa, mai ciki kuma jinin mutum biyu take haɗawa. In ƙarfen ya yi ƙasa sai jiri, kasala, haki, bugun zuciya, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Mace mai ƙarancin jini in ta zubar da jini wurin haihuwa, abin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita. Ina ake samunsa? Hanta ce sarauniya, sai nama da kifi, sai wake, gero, daddawa, da ganye irin su zogale, alayyafo da rama. Ƙarfen da ke cikin tsiro jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama, sai an taimaka masa da bitamin C. Saboda haka a matsa lemun tsami a kan wake ko kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir, ko a ci gwaiba ko lemun zaƙi bayan abinci. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare ƙarfen. Mai ƙarancin jini ta bari sai an yi kamar awa ɗaya ko biyu da cin abinci kafin ta sha. Ku sani kuma zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna shan jini, don haka gidan sauro da maganin tsutsa suna cikin maganar. Mai sikila kuma kada ya sha ƙwayar ƙarin jini sai likita ya ce.

Ƙwayoyin da ake ba masu ciki a wurin awo, ƙarfe ne da folik asid. Shi folik asid yana taimakawa wurin haɗa lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri tun a watan farko, lokacin da mace ma ba ta tabbatar tana da ciki ba. Ana samunsa a ɗanyen ganye, wake, gyaɗa da hanta. Wasu suna zubar da ƙwayoyin wai suna sa ɗa ya yi ƙato. Ba sa sa wa. Suna iya sa bayan gida ya yi baƙi ko zuciya ta ɗan tashi, in haka ta faru a gaya wa malamar awo, kada a daina a ɓoye.

Na biyu bitamin A. Shi ne mai tsaron ido, da fatar cikin hanji da ta huhu, inda cuta take fara shiga. Alamar rashinsa ta farko ita ce dundumi, magariba na yi yaro ya fara laluben hanya. In ya yi tsanani yana makantarwa, kuma yaron da ba shi da shi ƙyanda da gudawa sun fi kayar da shi. Gane wurinsa da sauƙi: duk abin da cikinsa ja ne ko ruwan ɗorawa, da ganye mai duhun kore. Manja, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, dankalin Hausa mai jan ciki, zogale, alayyafo, sai hanta da ƙwai. Jan manja shi ne amfaninsa. In kika bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, kin ƙone abin da kika saya. Akwai kuma ɗigon bitamin A da ake yi wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5, duk bayan wata shida, shuɗi na 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ja na waɗanda suka haura. Kyauta ne, a makon lafiyar mata da yara ake bayarwa. Sannan tun farkon shekarun 2000 doka ta wajabta wa kamfanoni su sa bitamin A a man girki, suga da fulawa. Alamarsa hoton ido ne a jikin leda ko galan. Mu da muka yi ajin manya, ga inda karatunmu zai yi mana rana, mu riƙa dubawa kafin mu saro.

Na uku aidin. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya da ke sarrafa girman jiki da kaifin ƙwaƙwalwa, da aidin take aiki. In ta rasa shi sai ta kumbura, shi ne maƙoƙo. Manyanmu za su ba da shaida, da can maƙoƙo ya fi haka yawa. Tun a shekarun 1990 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a ƙasar nan, shi ya rage shi. Abin da ya fi maƙoƙo muni shi ne wanda ba a gani: mai cikin da ta rasa aidin, ƙwaƙwalwar ɗanta ce take tauyewa. Shi aidin yana gudu in gishiri ya sha rana da danshi. Mu masu kasa gishiri a faranti a buɗe tun safe har yamma, mu gyara. A rufe shi, a gida ma a sa shi a gwangwani mai murfi.

Na huɗu kalsiyam, mai gina ƙashi da haƙori. Yana cikin nono, kindirmo, cuku, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, riɗi, da garin kuka. Miyar kukar da ake yi wa dariya tana da abin faɗa a nan. Abokin aikinsa bitamin D, wanda fata take haɗawa in rana ta taɓa ta, don haka jariri da uwarsa su riƙa ɗan shan hantsi a tsakar gida. Likitoci a Jos sun bincika yara masu gwame da ƙafar baka a shekarun 1990, suka gano cewa a wurinmu rashin kalsiyam a abinci ne babban dalili, tunda rana dai muna da ita. Da aka ba yaran kalsiyam ƙashinsu ya gyaru.

Na biyar zink. Yana taimakon girma, warkar da ciwo da gyaran hanji. Yana cikin nama, kifi, wake, gyaɗa da 'ya'yan kabewa. In yaro yana gudawa, asibiti suna ba da ruwan gishiri da suga tare da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. A cika kwanakin ko da gudawar ta tsaya, kuma kada a hana shi nono ko abinci. Bitamin C da na ambata, ban da taimakon ƙarfe, shi ke riƙe dasashi da haɗa bakin rauni. Garin ƙwallon kuka yana da shi sosai, haka gwaiba, tattasai da lemo. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, kullum sai an sake.

Ruwa kuwa, fiye da rabin jikin mutum ruwa ne. Shi ke ɗaukar abinci a cikin jini, ya fitar da datti ta fitsari, ya sanyaya jiki ta gumi. Mai shayarwa da mai wuni a rana su fi kowa sha, kuma ya zama mai tsabta. Sai dusa da zaren da ke cikin ganye, wake da 'ya'yan itace. Su ba sa narkewa, amma su ke share hanji su hana taurin bayan gida, su kuma rage saurin hawan suga a jini.

Yanzu bari in zo kan asarar da ake yi a madafa, bayan an riga an kashe kuɗi. Ɗaya, surfe. Yawancin bitamin B da ma'adinan hatsi a bayan ƙwayar suke. In aka surfe tas aka wanke, akuya ce ta ci mai kyan, mu muka ci saura. A rage surfen gero da dawa, ko lokaci-lokaci a niƙa su haka nan bayan an gyara. Shinkafar gida da aka turara kafin a casa ta fi fara sol riƙe amfaninta, domin turarin yana tura bitamin cikin ƙwayar. Biyu, dafa ganye har ya yi baƙi a kuma zubar da ruwan. A wanke ganye kafin a yanka, a sa shi daga ƙarshe, a rufe tukunya. Masu shanya zogale, kuka da kuɓewa, a inuwa mai iska ya fi, rana tana cin bitamin A. Uku, kanwa. Tana sa wake ya yi saurin dahuwa, amma tana kashe wasu bitamin. A jiƙa waken tun dare, ya dahu da wuri, an ma rage itace. Kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego, mai zuwa da kumburi da haki, da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego mai tsananin zafi. Mai jego kunun gyaɗa, wake, ganye, nono da ɗan nama take bukata.

Gishiri ma da iyakarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke cikin dunƙule, domin dunƙule akasarinsa gishiri ne. Yawansa yana kawo hawan jini. A rage dunƙule a ƙara daddawa, albasa, citta da tafarnuwa. Lemun kwalba, alewa da biskit kuma, suga ne ba abin gina jiki. Kuɗin da za a saya wa yaro su, gara a saya masa ƙwai, gyaɗa ko ayaba.

Akwai wani lokaci da duk wannan magana ta fi nauyi, ma'aikatan lafiya suna ce masa kwana 1000 na farko. Ku lissafa: wata tara na ciki kwana 270, shekara biyu kwana 730, an tashi 1000 cif. A cikinsu ake gina ƙwaƙwalwa da tsawon mutum, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a maido shi duka daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da an haihu a sa jariri a nono cikin awa ɗaya. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Wata shida nono zalla, ko ruwa ba ya bukata, domin nonon kansa mafi yawansa ruwa ne. Daga wata shida a fara ƙarin abinci, a ci gaba da nono har shekara biyu. Zuma kuwa sai ya cika shekara. A kwanon yaro a nemi abu huɗu: hatsi, dangin wake ko gyaɗa, ganye ko 'ya'yan itace, da ɗan abin dabba ko da garin busasshen kifi ne. A ba shi kwanonsa daban, don in an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sauke.

In ana shakkar yaro, akwai ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsensa. Kore lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Madarar gyaɗar nan ta cikin leda da ake ba irin waɗannan yara magani ce, an ƙidaya ta daidai da nauyin yaron. Ana ganinta a kasuwanni ana sayarwa. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, kada ɗayarmu ta saya, kada ta sayar. Duk leda ɗaya da ta hau tebur, daga bakin wani yaro marar lafiya aka fizge ta.

Iyayen gidanmu maza, ga naku. Mun gode da cefane, Allah ya ƙara buɗi. Amma al'adar nan ta a tsame tsoka da hanta a kai kwanon maigida, a bar wa mai ciki da yara romo, a duba ta. Tsiren da ake ci a bakin titi da dare, in an ƙunso rabinsa an kawo gida, jini ne a jikin matarka, tsawo ne a jikin ɗanka.

Hajiya shugaba, zan rufe da roƙo uku ga ƙungiya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na ɗaya, mu ware wani kaso na adashinmu mu sayi wake, waken suya da gyaɗa da kaka lokacin da suke da araha, mu adana, mu sayar wa mambobi da sauƙi in bazara ta yi. A adana wake a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya bukatar maganin ƙwari, don guba a wake ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, kuma abin da suka ƙi mu bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba. Gyaɗa da masara kuma su bushe sarai, a tsince masu fumfuna a zubar, domin gubarsu hanta take lalatawa. Na biyu, mu haɗa garin kunun yara da kanmu, gero ko dawa da soyayyen waken suya da gyaɗa, mu nemi ma'aikaciyar lafiya ta nuna mana ma'auni da tsabtar aikin. Abinci ne ga yaranmu, sana'a ce kuma ga wasunmu. Na uku, kowace mamba ta dasa zogale ko da biyu ne a gidanta, ta shuka alayyafo ko rama a tsohon buhu ko bokiti, ruwan wanke hatsi ya ishe su. Mai kaji kuma, in sun yi ƙwai, ta fara cire na yara kafin ta ƙirga na kasuwa.

Badi war haka, in Allah ya kai mu, ina fata bayan ma'aji ta karanta mana ribar kuɗi, a samu wadda za ta tashi ta gaya mana gida nawa suka dasa zogale, buhu nawa muka adana, da yara nawa aka auna aka samu a kore.

 Wadda na taka a cikin magana ta yafe mini. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.